Inda Hoton Ya Ƙare

Daƙiƙa huɗu ne kacal, amma Auta ta kalle su ya fi sau ɗari.

A kan allon kwamfutarta, tela yana faɗa da matarsa a kan almakashin da ya ɓata, cikin wani tsohon wasan talabijin da aka ɗauka shekara biyu kafin a haife ta. Ba su take kallo ba. Can sama, a gilashin 'yar tagar da ke bisa ƙofar shagon telan, akwai inuwar wani mutum da ba ya cikin wasan. Hannayensa biyu a ɗage sama da kansa, ya karkata wuya, bakinsa a ɗan buɗe kamar mai riƙe numfashi. Kyamara ta gusa, ya ɓace. Ta mayar da hoton baya, ya dawo.

Wata biyar ke nan da kamfaninsu ya karɓi aikin juye wasan telan daga tsofaffin kasakasai zuwa sabon faifai mai tsabtar hoto, kashi hamsin da biyu, kuma ita aka ba gyaran hoton. Tana goge zane, tana cire ɗigon datti, tana dawo da launin da shekaru suka wanke. A cikin kwalin kaset na sha bakwai ta tarar da wata takarda da ta yi ja don tsufa, mai ɗauke da jerin ma'aikatan da suka yi aiki a ranar. A layi na tara an rubuta "mai riƙe makirufo", a gabansa kuma sunan mahaifinta.

Tana da shekara uku ya rasu. Hotunansa duka suna cikin kwali ɗaya a ƙarƙashin gado, shekarar da ruwa ya shiga ɗakin Inna ya mayar da su kamar jiƙaƙƙen tsumma. Dā ma ba su da yawa, don mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bayan kyamara bai cika tsayawa a gabanta ba. Abin da ya rage wa Auta shi ne maimaicin wasan telan da akan sa da yamma, a tsohuwar talabijin ɗinsu mai ƙatuwar ƙeya. Inna takan ajiye duk abin da take yi ta zauna.

"Babanki yana nan," takan ce. "A wajen akwatin yake, yana riƙe musu sandar makirufo. Duk maganar da kika ji, ta hannunsa ta biyo."

Auta takan tashi ta leƙa gefen akwatin, ta leƙa bayansa, ba ta ganin komai sai ƙura da wayoyi. Yayanta ya yi ta dariya, Inna ta ce ya bar mata 'ya ta nemi ubanta.

Sai da ta yi karatun sana'ar ta gane abin da ya sa ba wanda ya taɓa ganin mutumin cikin gilashi. Akwatunan dā sukan cinye kamar faɗin yatsa na hoto a kowane gefe, bakin akwatin ya rufe shi. Masu ɗaukar wasan sun san da haka, shi ya sa ba su damu da tagar ba. Shekara talatin yana tsaye a wurin, katako ya rufe shi.

Ba ta gaya wa kowa ba, har Inna. Dokar wurin aikin ta hana shiga ɗakin gyara da waya, kuma ko da ba dokar, ba ta so Inna ta fara ganinsa a ɗan allon da bai fi tafin hannu ba. Tana so ta gan shi a ɗakinta, a kan kujerarta, fes, babu zane babu ɗigo.

Ranar Litinin Manaja ya shigo ɗakin gyaran, mabuɗan motarsa suna kaɗawa a yatsa. Ya tsaya a bayanta ya dubi babban allon gwaji da ke jikin bango. Hoton dā kusan murabba'i ne, allon yanzu kuwa mai faɗi ne kamar ƙofar da aka kwantar, don haka wasan ya zauna a tsakiya, dama da hagu baƙi wuluk.

"Malama, wannan baƙin fa? Makoki muke yi?"

"Haka aka ɗauki wasan, Yallaɓai. Huɗu bisa uku. Allon kuma sha shida bisa tara ne. Dole wuri ya rage."

"Ban zo darasin lissafi ba. Mutum ya sayi allo mai faɗin tabarma, ki ba shi hoto mai faɗin sallaya? Cika shi."

"Hanya biyu ce," in ji ta. Ta danna madanni, hoton ya miƙe ya cika allon. Nan take tela ya zama gajere mai faɗi, matarsa ta koma kamar tulu, agogon bango ya zama ƙwai.

Daga ɗaya kusurwar ɗakin, mai gyaran sauti, wanda kowa ke kira Kunne, ya zame abin sauraronsa daga kai. "Kai, masha Allah. Ashe ɗinki yana da romo haka? Yallaɓai, ni ma a ja ni, ko surukaina sa fara ganin girmana."

Manaja bai yi dariya ba. "Ɗayar fa?"

Ta sake dannawa. Hoton ya matso, ya cika allon ba tare da ya kumbura kowa ba. Amma saman ya tafi, ƙasan ya tafi. Hular tela ta rage rabi. Tagar da ke bisa ƙofa babu ita, kamar ba a taɓa gina ta ba.

"Yauwa, wannan," in ji Manaja. "Ga shi kamar jiya aka ɗauka."

"Kashi ɗaya cikin huɗu na hoton ya tafi, Yallaɓai."

"Rufi da daɓe ne suka tafi. Wa ke sayen faifai don ya kalli rufi? Ranar Alhamis za mu zauna da masu talla, Juma'a a tura wa masana'anta. Ki yanka duka."

"Ba zan yanka ba."

Mabuɗan suka daina kaɗawa. Kunne ya mayar da abin sauraronsa kai a hankali, duk da ba abin da ke tafiya a cikinsa.

"Na ji ba daidai ba ne?"

"Zan shirya iri biyu, ku kalla ranar Alhamis. In kun gani kun ce a yanka, sai ku ba wani ya yanka. Ni wata biyar na yi ina wanke rufin nan da daɓen nan ɗigo-ɗigo."

Manaja ya dube ta daga sama har ƙasa. "Matsalar 'yan takarda ke nan. A ɗauke ku aiki, ku ɗauka gadon gidanku aka ba ku." Ya juya ya fita, ƙofar ta bi bayansa da ƙarfi.

"'Yar boko," in ji Kunne, "kin san akwai mutum goma a waje masu jiran kujerar nan? Rufi ne fa. Garin neman gira kada ki rasa ido."

"Idona ne."

"To, Allah ya ba da sa'a. In an kore ki, ki bar mini kofin shayinki, ya fi nawa riƙe zafi."

Kwana uku ta yi tana bin kashi hamsin da biyun ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta duk inda yankan ya cinye wani abu: wasiƙar da aka turo ta ƙarƙashin ƙofa, allon sunan shago, kan wani dogon ɗan wasa da ya koma kafaɗu masu magana. Ta cika shafi shida. A gida Inna ta lura tana juya cokali a kwano ba ta kai shi baki.

"Auta, wani ne ya taɓa ki a wurin aikin?"

"Ba kowa, Inna."

"Haka ubanki yake. Ya dawo kafaɗa ta ƙage, hannu ba ya ɗaguwa, a tambaye shi ya ce ba komai. Sai na dafa ruwa na gasa masa, sannan labari ya fito." Ta kalli bango. "Kin san wani abu? Kwanan nan in na rufe ido ina neman fuskarsa, sai kafaɗun su zo, fuskar ta ƙi zuwa."

Auta ta sa cokalin a baki don kada ta yi magana.

Ranar Alhamis mutum biyar ne a ɗakin taro: Manaja, mata biyu daga sashen talla, Kunne, da ita. Ba ta karanta shafi shidan ba. Kashi na sha bakwai ta sa, yankakke, ya cika allo. Tela yana zazzage aljihuna, yana ɗaga yadudduka, yana rantsuwa a nan ya ajiye almakashin. Matarsa tana tsaye ƙiƙam tana ba shi shawarar inda zai duba. Minti biyu suka wuce, ba wanda ya motsa.

"Wai a nan ne mutanen dā suke dariya?" in ji babbar mai tallan. "Lallai an sha wahala a dā."

Auta ta sa na biyun, cikakke, da baƙinsa dama da hagu. Tela ya sake zazzage aljihuna. Amma yanzu ana ganin daɓe, kuma a kan daɓen ana ganin ƙafar matar ta take almakashin, tana jan shi a hankali duk inda mijin ya juya. Kunne ne ya fara fashewa. Ƙaramar mai tallan ta rufe baki da gyale. Manaja kansa sai da gefen bakinsa ya motsa, ya yi sauri ya shafa gemu.

"Wuri ɗaya ne," in ji shi.

Ta tura masa shafi shidan a kan tebur. Ya ɗaga na farko, ya ɗaga na biyu, ya ajiye.

"Mutane za su dawo da faifan," in ji babbar mai tallan. "Za su ce ya lalace. Ni na san masu sayenmu."

"Sai a rubuta a bayan kwalin cewa haka aka ɗauke shi," in ji Auta.

"Wa ke karanta bayan kwali?"

Manaja bai saurare su ba. Ya ƙura wa allon ido, inda ta tsayar da hoton. Ya miƙa yatsa. "Dakata. Wancan mene ne a sama? A gilashin can."

Ya matsa kusa da allon.

"Mutum ne ai. Ma'aikaci ne ya faɗo cikin hoto. To kin gani, abin da kike kare mana ke nan, kurakuran mutanen dā. In ma an bar baƙin, wannan dai ki goge shi. Aikin minti goma ne."

"Ba datti ba ne, Yallaɓai. Datti nake gogewa."

"Malama, kada ki ga na yi shiru a kan ɗaya ki ɗauka na zama ɗan aikenki. Ki ba ni dalili ɗaya da zai sa a bar kuskure a faifan da sunanmu ke kai."

Tana da dalilai na makaranta, har da sunayensu. Ta neme su a bakinta ba ta same su ba. Abin da ta ɓoye wata uku, wanda ko Inna ba ta ba, shi ne ya rage mata, kuma ga shi za ta ajiye shi a kan teburin da ake ajiye kofunan shayi.

"Mahaifina ne," ta ce. "Shi ke riƙe makirufo. Ba mu da wani hotonsa."

Ƙaramar mai tallan ta ce, "Allah sarki," kuma wannan kalmar ta fi duk faɗan Manaja yi wa Auta ciwo. Ta ɗaga kai ta kalli bango, ta ƙi bari idonta ya kawo ruwa a gabansu.

Manaja ya daɗe yana juya mabuɗansa. "A bar shi," ya ce a ƙarshe. "A bar baƙin ma. Amma tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. In faifan ya fita, wayar ƙorafi tana kan teburinki. Aikin da ke tafe kuma wani zai yi."

"Na yarda."

"Ban tambaye ki ba."

Faifan ya fita, aka ɗauke ta daga ɗakin gyara aka kai ta wani ɗan lungu kusa da matakala, tebur ɗaya, waya ɗaya, da fanka mai kuka. Kwalayen farko duka shaguna aka kai, ma'aikata sai an sake bugawa za su sami nasu, ita kuma ta rantse ba za ta je shago ta sayi aikin hannunta ba. Mako shida ta yi a lungun.

"Faifanku ya cinye mini gefen talabijin," in ji wani.

"Bai cinye ba, ranka ya daɗe. Haka aka ɗauki wasan."

"To ku ƙarasa ɗaukarsa mana."

Wata ta ce yaranta sun ce an cuce su, rabin wasa aka sayar musu. Wani dattijo ya kira sau uku, ya ce ya kai talabijin ɗinsa wurin mai gyara, an buɗe an rufe, baƙin yana nan. Wani kuma cewa ya yi ya gano madannin da ke cika allon a rimot ɗinsa, yana so ya sanar da kamfani don su ƙaru. Ta yi masa godiya. Jumla ɗaya take maimaitawa daga safe zuwa la'asar, har ta fara jin ta a cikin ƙarar fankar. Masu wucewa ta matakala sukan rage murya in sun zo daidai ita. Ba ta taɓa sunkuyar da kai ba, kuma kullum da sabuwar guga take zuwa. Kunne yakan leƙo da shayi a kofinta, ya ce ya zo duba ko kofin da zai gada yana nan lafiya.

Ranar da aka raba wa ma'aikata nasu, ta sa faifan a jaka ta riƙe jakar a ƙirji har gida.

Asabar ce, bayan azahar. Yaya ya zo da iyalinsa, shi ne ma ya saya wa Inna sabuwar talabijin ɗin bara, mai faɗi, marar ƙeya. Auta ta sa faifan, ta zaɓi kashi na sha bakwai. Kiɗan buɗe wasan ya tashi, Inna ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ba tare da ta sani ba.

"Af, bai cika ba," in ji Yaya, ya miƙa hannu ga rimot. "Bari in gyara."

Auta ta riga shi ɗauka. "Yaya, in ka taɓa madannin nan, ni da kai ne."

"Ikon Allah. Talabijin ɗin ma ban isa da ita ba?"

"Inna, sa tabaranki. Ki matso. Kada ki kalli tela, ki kalli tagar da ke saman ƙofa."

Tela ya fara zazzage aljihuna. Kyamara ta ɗaga kaɗan. Auta ta tsayar da hoton. Ga shi nan, hannaye a sama, wuya a karkace, fes, babu zane babu ɗigo.

Inna ta matso har numfashinta ya taɓa allon. Ta daɗe. Sai ta yi 'yar dariya.

"Lā, Sarkin Haske. Allah ya jiƙan rai. Dubi kunnuwansa."

"Wa?"

"Mai fitilunsu. Farin allo yake ɗagawa ya mayar da haske kan fuskar 'yan wasa. Shi ya raka babanki gidanmu ranar da ya fara zuwa, ya cinye abin da aka kawo musu shi kaɗai."

"Inna, duba sosai. Hannunsa a sama yake. Takardar ta ce ranar Baba ne ke riƙe da makirufo."

"Shi ne mana, kullum shi ne. Amma babanki bahago ne, Auta. Ba ya tsayawa ta wajen ƙofa, sandar takan haɗa shi da mai kyamara. Kullum ta hagu yake."

Auta ta zauna a hannun kujera. Ta tuna ɗakin taron, da mutum huɗun da ta ce wa "mahaifina ne", da "Allah sarki", da fankar lungu. Wata uku tana gaida fuskar wani kowace safiya.

Inna ba ta lura da ita ba. Ta cire tabaran, ta ja kujerarta zuwa hagu, ƙafafun kujerar suna ƙara a kan siminti. Ta tsaya daidai inda hoton ya ƙare, baƙin ya fara. Ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Nan," ta ce. "Taku biyu daga keken ɗinkin. Na je na gan shi sau ɗaya, ina da cikin yayanki. Ya tsaya a nan tun safe, hannu a sama, gumi yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga, bai ko share ba don kada sandar ta motsa." Ta shafa wurin daga sama zuwa ƙasa, tsawon mutum a tsaye. "A tsohuwar talabijin katako ne a nan. Ban taɓa ganin an bar masa wuri ba."

Auta ta danna, wasan ya ci gaba. Muryar tela ta cika ɗakin, sarai, har ana jin numfashinsa tsakanin kalma da kalma. Matarsa ta ja almakashin da ƙafa, yaran Yaya suka kwashe da dariya. Inna ba ta kalli tela ba, ba ta kalli matarsa ba.

Can Yaya ya yi gyaran murya. "To yanzu da aka ga ba shi ba ne, in cika allon? Wallahi baƙin nan yana damun idona."

"Bar shi," in ji Inna, ba ta juyo ba. "Da mutum a wurin."